Ɗauke Wuta Ne Ya Rufa Mana Asiri

Ɗakin da aka ba ni a makarantar asalinsa sito ne, kuma har na bar wurin bai daina warin tsofaffin kwalaye ba. A nan sabar take, kan wani teburi da aka tokare ƙafarsa da bulo. Ga wanda bai sani ba, saba kwamfuta ce kamar kowace, sai dai ba mai zama gabanta yana latse-latse. Aikinta ta tsaya a kunne tana amsa wa wayoyi da kwamfutocin da ke neman wani abu a wurinta. Tamu ita ke riƙe da shafin makaranta, inda malamai ke shigar da makin yara, iyaye kuma su duba sakamako daga wayoyinsu ba sai sun tako ba. A Keffi ta lokacin wannan abin taƙama ne, har a allon ƙofar makaranta an rubuta shi da manyan baƙi.

Ni ce mai kula da ita. Hajiya mai makarantar ce ta ɗauke ni bayan na gama bautar ƙasa, na gaji da zaryar Abuja da takardu a hannu. Ƙawar Ummata ce tun suna 'yan mata. Ta koyar da lissafi a makarantun gwamnati har ta yi ritaya, sannan ta buɗe tata. Mace ce mai kaifin kai, ba ta son a maimaita mata magana, kuma in ta so ka to ta so ka da gaske. Mama nake kiranta, ita kuma ta ce 'yata. Manhajar da ke kan sabar kuwa, wato shirin da ke tafiyar da shafin, ɗan ƙanenta ne ya rubuta, yana da ɗan kamfaninsa a Abuja. A kulle ya kawo ta. Ina iya kunnawa da kashewa, ina iya ganin abin da take yi, amma ba ni da ikon taɓa cikinta.

Shekarar farko wuta ce ta gasa mana aya a hannu. A kawo, a ɗauke, a sake kawo wata mara ƙarfi da ko fanka ba ta juyawa. Ɗan akwatin batirin da ya kamata ya riƙe sabar kafin a tada janareto ya mutu tun kafin zuwana, don haka duk ɗaukewa sai sabar ta mutu, in zauna ina fifita da kwali har janareto ya tashi, in sake kunna ta. A yini guda ina yin haka har in gaji da ƙirge. Iyaye ba su damu ba. In shafi ya ƙi buɗewa sai su tsine wa masu wuta su jira, ba wanda ya taɓa tuhumar makaranta.

Ni na matsa a sa sola. Na daɗe ina bin Hajiya da maganar, a ofis, a mota, har a gidan suna. Ranar da ta gaji ta amince, na ce mata ina da mutum.

Mutumin nan Yayana ne, duk da ba jini ɗaya muke ba. Ibo ne, amma a Angwan Iya aka haife shi, a ɗakunan gaban gidanmu da mahaifinsa ke haya yana gyaran rediyo. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ke ɗora ni a keke ya kai ni firamare, kuma tun da na buɗe baki na ji yaran gida na ce masa Yaya, ni ma na bi. Mahaifiyarsa takan aiko mana da shinkafa ranar Kirsimeti, Umma ta aika musu da naman layya. Da ya girma ya koyi aikin wuta, daga baya ya koma sola, ya buɗe shago a hanyar Liman Abaji. Ba ya talla, allon shagon ma rana ta cinye rubutun. Sana'arsa gaba ɗaya a bakin mutane take, wane ya gaya wa wane cewa aikinsa ba ha'inci. A garin da kowa ya san kakan kowa, wanda ake wa kallon baƙo ba shi da abin dogaro da ya wuce wannan, ko da a garin aka yanke masa cibiya.

Ya zo ya yi aikin cikin zafin nan na bazara, yana bisa kwano rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya jera fanel, ya haɗa batura da inbata, ya bi kowace waya ya ɗaure ta tsaf. Da ya gama ya leƙo sitona yana goge hannu.

"Ƙanwata, daga yau kin huta da kunna-kashe. Ko su ɗauke wuta shekara, ke ba ruwanki."

Washegari na shigo na tarar da sabar a kunne yadda na bar ta. Daɗi ya kama ni har na kira shi na ce ya zo gida Umma ta yi masa masa. Makonni suka wuce lafiya. Na dai lura in ta kwana biyu a kunne takan yi nauyi, in na kashe na kunna sai ta warware, amma na ɗora abin a kan netwok, don a Keffi duk abin da ya ƙi tafiya netwok ake fara zagi.

Ranar fitar da sakamakon ƙarshen zango abin ya fashe. Da safe lafiya lau. Da hantsi shafi ya fara jan ƙafa. Kafin azahar ya tsaya cik. Na shiga sito na ga fitila na ci, fankar cikin sabar na juyawa, batura cike, amma duk wanda ya nemi shafin ba ta amsa masa. Na kashe na kunna, ta dawo garau, kafin la'asar ta sake sumewa. Iyaye suka fara taruwa a bakin get. Na tuna wata mata da ta hau acaɓa daga unguwar Yara da goyo a baya, ta ce mijinta na Legas yana ta kira yana son ganin sakamakon ɗansa, ya ɗauka ɓoye masa take yi. Tana faɗa tana share gumi, ni kuma ina ba ta haƙurin da ba shi da amfani. A nan wani ya saki maganar da ta zama mafarin komai. Ya ce, "Lokacin da ake ɗauke wuta ba mu ga haka ba. Daga sa solar nan ne."

Da yamma Hajiya ta kira ɗan ƙanenta, ta sa wayar a sifika ina tsaye. Ko gama bayani ba ta yi ba ya katse ta.

"Gwaggo, ai sola ce. Inbatan nan da suke kawowa wutarsu ba ta da tsabta, ita ke rikita saba. Manhajata tana aiki a wurare da yawa ba matsala. Wa ya yi muku aikin?"

Hajiya ta ce, "Wani Ibo ne."

"To kin ji."

Wani Ibo. Matar da ta san shi tun yana rarrafe a tsakar gidanmu, wadda ya taɓa gyara wa fanka ya ƙi karɓar komai. Raina ya ɓaci sosai, amma a ranar ba ni da hujja. Ni kaina ban san me ke faruwa ba.

Da aka yi hutu makaranta ta yi tsit, na samu sarari na zauna da sabar. Akwai inda ake ganin yawan memorin da take amfani da shi. Ba memori irin na waya da ake zuba waƙoƙi ba, wannan fili ne da kwamfuta ke yin aikin da ke gabanta, in ta gama ta share ta ba na gaba. Na zuba ido na ga layin yana hawa a hankali, ba ya sauka. Ko da ba kowa a shafin, inda ya tsaya nan yake jira, wani na shigowa ya ɗora daga nan.

Abin da ya fi kama da shi a wurina shi ne mai tuwo-tuwo da kwanukanta. Kowa ya zo a zuba masa a kwano, ya ci ya miƙo, a wanke a ba wani. Manhajarmu in mutum ya ci ya gama tana karɓar kwanonta. Amma in ya tashi bai gama ba, sai ta manta da kwanon a inda ya bar shi. Tun ana yi da saura har a wayi gari tuwo na nan cike da tukunya, mutane na tsaye da yunwa, babu kwanon zubawa ko ɗaya. A ajinmu na jami'a yoyon memori ake ce wa wannan ciwo. Kuma wa ya kai iyayen Keffi tashi ba su gama ba? Shafi na cikin buɗewa netwok ya yanke, uba ya sake latsawa, ya yanke, ya miƙa wa matarsa ta gwada a tata wayar, ita ma ta miƙa wa maƙwabciya. Kowane yankewa kwano guda ne ya tafi.

Ina zaune ina kallon layin nan tambayar mutumin bakin get ta faɗo mini. Me ya sa da can ba a ga haka ba? Sai na kwashe da dariya ni kaɗai a sito. Duk lokacin da saba ta mutu ta tashi, memorinta fes yake dawowa, an tattaro kwanukan duka. Ashe masu wutar da muke tsine wa safe da yamma su ke yi mana shara, sau da yawa a yini, kyauta. Ciwon na nan tun ranar da aka kawo manhajar, ba ta taɓa daɗewa a kunne ba ne har ya nuna. Laifin Yaya ɗaya ne, ya ba ta wutar da ba ta yankewa.

Dariyar ba ta daɗe ba, don na hango abin da ya fi wannan muni. In iyaye na iya durƙusar da shafin ba da niyya ba, mai niyya fa? Ba sai ya saci komai ba, ba sai ya san kalmar sirrin kowa ba. Ya riƙa buɗewa yana yankewa kawai, har kwanuka su ƙare, ƙofa ta toshe wa kowa. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ba ya son babansa ya gani, in yana da waya da ɗan wayo, ya isa. Ina faɗin wannan yanzu ne don an daɗe da sauya manhajar.

Na kira ɗan ƙanen Hajiya na yi masa bayani cikin ladabi. Ya saurara yana cewa uhm, uhm, ina jin ƙarar mota a bayansa. Da na gama ya ce, "To ki riƙa ristatin ɗinta mana, ki kashe ki kunna kullum da safe. Mene ne a ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in wutar sola ce ke lalata ta, me ya sa kashewa da kunnawa ke gyara ta, alhali a kan solar take tashi?"

Sai ya ce, "Malama, ki tsaya a aikinki."

Daga wannan amsar na gane ya san ciwon manhajarsa, ko aƙalla ya yi zargi. Gyara ne ba ya son zama ya yi, ga kuma wanda za a jingina wa abin a sauƙaƙe.

Kafin nan magana ta riga ta zaga gari. A guruf ɗin iyaye an ce sola ta ƙona kwamfutar makaranta. Kafin ta kai kasuwa ta zama wai Yaya ya sa tsofaffin batura ya ce sababbi ne. Kwamitin wani masallaci a Yara sun riga sun yi magana da shi zai sa musu sola ta fankoki da famfon burtsatse, aikin da ya daɗe yana fata. Shugaban kwamitin, wani dattijo ɗan kasuwa mai 'ya'ya a makarantarmu, ya aika masa cewa a dakata tukuna. Wani mai kemis ma da ya yi masa alkawari ya daina ɗaga wayarsa.

Yaya ya zo gidanmu bayan la'asar, ya durƙusa ya gaida Umma, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Ya riga ya je makaranta ya auna inbatan da na'urarsa, ya sake aunawa, bai ga komai ba. Ban taɓa ganinsa a haka ba, mutumin da dariyarsa ke riga shi shiga gida.

"Ƙanwata, ki gaya mini gaskiya. In aikina ne, wallahi gobe zan kwance in sake. Ba na jin kunyar gyara. Amma yanzu in na wuce majalisa sai a yi shiru. A garin nan aka haife ni fa. Ina zan je?"

Na ce masa aikinsa lafiya lau yake, ya ba ni lokaci.

Na roƙi Hajiya ta zo sito da kanta. Na cire sabar daga sola gaba ɗaya a gabanta, na sa aka tada janareto, na jona ta a kai. Sannan na buɗe kwamfutata na sa ta yi abin da iyaye ke yi, buɗewa da yankewa, da sauri. Muka tsaya muna kallon layin na hawa. Da ya kai ƙarshe na ce ta gwada shafin a wayarta. Ta gwada, shiru. Ba sai na yi dogon bayani ba, malamar lissafi ce. Ta yi mini tambayoyi masu kyau, har wadda ni ban yi tunaninta ba, ta gyaɗa kai.

Sai ta zauna a kujerata ta gaya mini yadda za a yi. Za a bar sabar a kan wutar gari da janareto kamar da. Ni zan riƙa kashewa da kunnawa kullum, ranar sakamako kuma a kai a kai. A taron iyaye na farkon zango za ta ce matsalar daga wuta ce, an shawo kanta. Ni zan zauna kusa da ita, in an tambaye ni in tabbatar.

"Mama, ba sola ba ce."

"Na gani da idona, 'yata."

"To me ya sa?"

"In na tashi na ce kowane yaro na iya kashe shafinmu da waya, gobe wani zai gwada. Kin yi tunanin wannan? Kuma yaron nan ɗan ƙanena ne. Zan ja masa kunne, amma a gida, ba a kasuwa ba."

"Shi kuwa Yaya a kasuwa ake yin tasa."

"Shi namiji ne mai sana'a, zai samu wani aikin. Maganar gari kwana nawa take yi?"

Ba zan ɓoye ba, maganarta ta farko tana da hujja, kuma na yi ta juya ta a raina. Tona raunin shafi kafin a gyara shi ganganci ne. Amma rufe raunin abu ɗaya ne, ɗora shi a wuyan wanda bai ji ba bai gani ba wani abu ne daban. Ana iya cewa muna gyara ba tare da an ce wane ne ya ɓata ba. Na faɗa mata haka. Ta ce iyaye ba sa karɓar magana mara mai laifi, sai sun samu wanda za su nuna da yatsa. Ta miƙe ta gyara mayafinta, alamar an gama.

A gida Umma ta tare ni, don Hajiya ta riga ta kira ta.

"Ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Ki yi shiru kawai, ki sunkuyar da kai. Matar nan ta ɗauke ki lokacin da ba wanda ya kalli takardunki."

Na ce, "Umma, in ina zaune kusa da ita na yi shiru, ai na sa hannu ke nan. Ni na kai shi wurin nan."

"Shi ma ɗana ne, kada ki ɗauka ban damu ba. Amma ke mace ce, a garin nan za ki zauna, da mutanen nan za ki yi biki da zaman makoki."

Gaskiya ta faɗa, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai. Ina son aikina. Ina son sitona mai warin kwali, ina son yadda yara ke ce mini Antin kwamfuta, ina kuma son Hajiya. Har na fara lallashin kaina cewa wataƙila ba wanda zai tambaye ni.

An yi taron ranar Asabar da hantsi, ƙarƙashin rumfa a filin makaranta, maza gefe mata gefe a kan fararen kujerun roba. Hajiya ta iya magana. Ta yi bayanin sabon zango, ta yabi malamai, sannan ta zo kan shafi. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta ce wutar da aka haɗa musu ce ba ta dace da na'ura ba, an cire, an ɗauki darasi. Mutane suka gyaɗa kai, kowa ya san wa ake nufi. Ina zaune kusa da ita.

Sai dattijon nan shugaban kwamitin masallaci ya ɗaga hannu ya miƙe.

"Hajiya, a gafarce ni. Ga malamar kwamfuta nan, an ce ita ta kawo mai solar. Ina da dalilin tambaya, don amanar jama'a ce a hannuna. Malama, tsakaninki da Allah, solar ce?"

Na ji Hajiya ta ɗan taɓa gwiwata ta ƙarƙashin teburi. Na miƙe, muryata ta fito siririya har wani daga baya ya ce a ɗaga.

Na ɗaga. Na ce, "Baba, ba sola ba ce. Aikin solar nan lafiyarsa ƙalau. Na cire na'urar daga kanta na sa a janareto, abin bai canja ba. Matsalar a cikin manhajar take, kuma wanda ya rubuta ta ne kaɗai zai iya gyarawa."

Surutu ya tashi. Wani ya ce to da can me ya sa ba ta yi ba? Na ce ɗauke wuta ne ke kashe ta kafin ta kai ga shaƙewa, da aka samu wuta mai ɗorewa sai ciwon ya bayyana. Wasu suka yi dariya, wani ya ce ashe masu wuta ma suna da rana. Wata ta tambayi mene ne ainihin ciwon, na ce wannan na masu gyara ne. Yadda ake durƙusar da shafin ban faɗa ba, ko kusa ban je ba. Wannan sirrin makaranta ne kuma na riƙe shi. Dattijon ya ce na gode, ya zauna. Hajiya ta ci gaba da maganar kayan makaranta kamar ba abin da ya faru, har aka tashi ba ta dube ni ba.

Ranar Litinin ta kira ni ofis. Ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Kin tsinka ni a gaban mutane."

"Mama, ban so haka ba. Na gaya miki tun a sito."

"Kin gaya mini. Ni ma na gaya miki."

Ta miƙo hannu na ba ta makullin sito. Na zauna na nuna wa malamin da zai riƙe wurin komai, kalmomin sirri, lokacin kashewa da kunnawa, abin da zai yi ranar sakamako. Ban rage ko ɗaya ba, don yaran da iyayensu ba su yi mini komai ba. Na fita ta get ɗin da rana tsaka, sai da na kai titi hawaye suka zo.

Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Umma ta daɗe tana amsa gaisuwata a taƙaice. Hajiya ta daina zuwa gidanmu, ƙawancensu da ya girme ni ya yi sanyi saboda ni. 'Yan uwa suka yi ta zuwa, je ki ba ta haƙuri, ki ce ruɗewa kika yi, ki ce ba ki fahimci tambayar ba. Na je. Na durƙusa na ce ta yafe mini ɓacin ran da na sa ta, don da gaske ban ji daɗinsa ba. Ta ce maganar fa? Na ce maganar tana nan yadda na faɗe ta. Ta ce to Allah ya ba da sa'a. Yaya ma da ya ji ya zo a rikice, wai zai je ya roƙe ta, ko ya ce ya yarda laifinsa ne a mayar da ni. Na ce in ya kuskura ya taka makarantar nan da wannan magana, ni da shi har abada. Wai in ce ban fahimci tambaya ba? Na fahimce ta sarai, kuma da za a sake yi mini ita gobe amsar ba za ta canja ba.

Na koma zaryar Abuja. Wata safiya na biyo ta Yara zan je tasha, fayil a hammata, takalmin intabiyu na matse mini yatsa. Daga nesa na hangi tsani jingine da bangon masallaci, takalma a ajiye a gindinsa, fanel a jere a inuwa. Dattijon nan na zaune kan benci yana kallon sama. Na ɗaga kai na ga Yaya bisa kwano a durƙushe, sifana a hannu.

"Ƙanwata!" ya ƙwala, har mai shayin gefe ya waiwayo. Yana dariya irin tasa ta da. Sai idonsa ya sauka kan fayil ɗin, dariyar ta tsaya. Ya ajiye sifanar ya kama tsani zai sauko.

Na ce, "Kada ka sauko, mota zan kama."

"Duk saboda ni ne wannan."

"Ba saboda kai ba ne, kada kanka ya kumbura. Ka dai ɗaure shi da kyau, Yaya. Na riga na yi maka shaida a gaban mutane."

Na gaida dattijon, na gyara fayil ɗina, na wuce tasha.